Farin Fenti a Tankin Unguwarmu

Ni ne Hamajoda mai fenti,
wanda ya rubuta sunan rabin shagunan Garwa.
Ran Talata takarda ta same ni
daga ofishin magajin gari, hatimi biyu a gindinta:
a shafe duk abin da ke jikin tankin ruwa,
a mai da shi fari fat kafin Juma'a.

Na san tankin.
Ni na hau shi shekara huɗu da suka wuce,
da Alhaji Yerima ya ba ni jaka uku
na zana jinjirin wata ta fuskar gabas,
na ja Bisimilla ƙarƙashinsa da kore,
har wani malami ya tsai da kekensa
ya ce mim ɗina ya zauna daidai.

Gicciyen da ke yamma ba hannuna ba ne,
amma buroshina ne.
Yarona Danra ya ara, ana saura kwana uku Kirsimeti,
matan zumunta suka haɗa masa kuɗin jan fenti.
Ya ɗan karkace hagu. Ban taɓa gaya masa ba.

Tun daga nan layi ya rabu biyu
a gaban bututu ɗaya.
Bokitin gabas ba ya gaida bokitin yamma,
ruwan kuwa Binuwai ce uwarsa,
bai taɓa tambayar maƙogwaro ina ya yi ibada ba.

Na ce wa sakatare: Ranka ya daɗe, sunan Allah ne fa.
Ya cire tabarau ya murza ido.
Ya ce: Ni ma da alwalata nake zaune.
Amma harajin mai tasbaha da na mai burkutu
a akwati ɗaya suka kwana
kafin su zama simintin nan.
In na bar naka, da wane baki zan hana nasa?
In na bar duka biyu, gobe na uku zai zo da tsaninsa.

Na kwana ina juyi.
Da asuba ban ɗauki buroshi ba, wuƙar kankara na ɗauka
da ƙwarya sabuwa.
Ba zan binne sunan nan da farar ƙasa ba,
ba kuma zan bar shi ya zuba inda ake taka laka.
Harafi harafi na kankare,
kore yana sauka cikin ƙwarya kamar garin kuka.

Da na zagayo yamma, Danra ya ƙi hawa.
Yana tsaye, hannu a aljihu, ido a ƙasa.
Sai ga tsohuwa Tabita, mai tuyar kifi a bakin gada,
ta ajiye jarkarta, ta kwance ɗankwalinta,
ta shimfiɗa shi da hannu biyu ƙarƙashin tsanina.
Ba ta ce mini uffan ba.
Ta dubi ƙwaryata, na dubi ɗankwalinta.
Na sassauta hannu, na kankare a hankali,
kamar yadda na yi wa nawa.

Shafi biyu na yi. Takarda ta ce uku,
amma kuɗin gwangwani biyu aka ba ni.
Na rubuta lambar tanki da baƙi, da Faransanci,
kamar yadda suka so.

Alhaji Yerima bai amsa sallamata ba har yau.
Layi ya koma ɗaya, sai dai faɗan wa ya riga wa.

Ga abin da ban kai ofis ba:
duk ran da ruwan sama ya jiƙa bangon,
inuwar wata takan taso ta gabas,
ta gicciye ta yamma, da karkacewarta,
sai rana ta fito su koma ciki.
Ƙwaryar tana saman kabad ɗina, a rufe da faifai.
Ban san inda Tabita ta kai nata ba.